Obin ɗin Mama da Rabin Wutar Dutse Alhaji

Ranar da aikin Mama ya ƙare a Maitama, unguwar manya ta cikin gari, da kwali ta dawo gida. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa na ga ta shigo rungume da shi, mai keken da ya sauke ta yana biye yana cewa ta bari ya taya ta, ita kuwa ta ƙi. Shekara tara ta yi tana girki a gida ɗaya na ma'aikatan wani ofishin jakadanci. Iyali uku suka zo suka tafi tana nan, amma wannan karon ofishin ne ya saki gidan gaba ɗaya. Matar gidan ta raba abin da ba za ta tafi da shi ba. Direba ya samu akwati, mai gadi ya samu rediyo, mai kula da fulawoyi ya samu tsani. Mama ta samu obin.

Ba babba ba ne. Ƙofarsa ta gilashi ce, da maɓallai uku, da ƙararrawar da ke bugawa sau ɗaya idan lokaci ya cika. A ciki akwai sandunan ƙarfe biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su ne ke yin ja su gasa abu. Mama ta san shi kamar tafin hannunta, don a cikinsa ta koyi kek da burodin ayaba. Tun a hanya ta gama tsara rayuwarmu a kansa: za ta riƙa gasa kek na suna da na biki, ba za ta sake tashi da asuba tana neman motar cikin gari ba. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, ni kuma lokacin na gama jami'a ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa, ba na komai sai karance-karance da rubuta baitocin da ba na nuna wa kowa. Obin ɗin nan shi ne duk abin da muke kallo.

Sai filoginsa ya ƙi shiga soket ɗinmu. Haƙoransa biyu ne masu faɗi, namu ramuka uku ne. Mama ta ce a Maitama cikin wani akwatin ƙarfe mai nauyi ake jona shi, a ƙarƙashin kanta, amma akwatin na ofis ne, an kwashe shi. Ta ce sitabilaiza ce kawai irin ta manyan gidaje. Washegari ta sayo adafta a bakin titi. Har ta sunkuya za ta jona, sai idonta ya faɗa kan wata 'yar takardar azurfa da ke manne a bayan obin ɗin.

"Malama," ta ce, haka take kirana idan tana son tsokana, "zo ki karanta mana wannan. Kar mu yi aikin da-na-sani."

An rubuta bolt ɗari da ashirin, wat dubu ɗaya da ɗari biyu. Na san wutar ƙasarmu ta ninka haka, wajen ɗari biyu da arba'in, don na yi kimiyya a sakandare kafin na gudu na koma adabi. Na gaya mata.

"To sai me? Zai yi ko ba zai yi ba?"

"Bari in lissafa."

Na ji daɗin faɗin haka. Shekara huɗu ana tambayata me ake yi da digirin adabi, yau ga shi an kawo mini aiki.

Malaminmu na fiziks da ruwa yake kwatanta wuta. Bolt, in ji shi, ƙarfin da ake turo ruwan ne, kamar tsayin tanki. Amfiya yawan ruwan da ke wucewa. Om shi ne turjiyar hanyar, ƙuncin bututun, yadda waya ke taurin kai ta hana wucewa. Wat kuma aikin da ya fito daga duk wannan, zafi ko haske. Matsalata ita ce da ya ambaci ruwa sai in tafi. In ga rafi, in ga mata suna wanki, in ga gajimare a cikin kududdufi. Kafin in dawo ya goge allo. Abin da ya rage mini a kai ƙa'ida ɗaya ce: bolt sau amfiya shi ke ba da wat.

Da ita na yi aiki, a bayan takardar fulawa. Na raba dubu ɗaya da ɗari biyu da ɗari da ashirin, na samu goma. Wato a ƙasar da aka ƙera shi amfiya goma yake sha. Na sake raba dubu ɗaya da ɗari biyu ɗin da ɗari biyu da arba'in, na samu biyar.

"Mama, a can goma yake sha. A nan biyar zai sha."

"Wato a nan ma ya fi samun sauƙi ke nan?"

"Haka lissafi ya nuna."

Har na ƙawata abin a raina. Na ce obin ɗin baƙo ne mai kunya, ya zo gidan mutane ya rage ci.

Mama ta yi bismillah ta jona. Muka durƙusa gaban gilashin, kafaɗa da kafaɗa. Sandunan suka ɗau lokaci, sannan suka fara ja a hankali kamar garwashin da aka hura. Babu hayaƙi, babu ƙara. Bayan minti arba'in ƙararrawa ta buga, ƙamshin man shanu ya cika tsakar gida, maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar ko suna ake yi. Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu 'yar Filato mai ɗinki, ta ci yanka ɗaya ta ce ta gane yanzu dalilin da fankarta ta rage gudu, ashe fankar ma tsayawa ta yi shaƙar ƙamshi. Mama ta nuna ni da wuƙar yanka kek ta ce, "Ita ta lissafa."

Wajen wata guda muka yi a haka. Sai wata rana ina neman wani tsohon littafi a jakar da muke tara takardu, na ci karo da littafin rubutuna na fiziks. A gefen kowane shafi na zana furanni. A tsakiyar wani shafi kuma, da rubutun hannuna, ga ƙa'ida ta biyu da na manta da ita sam: idan ka raba bolt da amfiya za ka samu om. A ƙarƙashinta na rubuta, ina jin daga bakin malam, cewa turjiya ta wayar ce, ba ta wutar ba.

Don wasa na ɗauki biro. Ɗari da ashirin a raba da goma, sha biyu. Sandunan obin ɗinmu om sha biyu ke nan. Idan turjiya ta wayar ce, to da ita ya hau jirgi ya zo, ba a canza masa ita a filin jirgi ba. Sai na raba ɗari biyu da arba'in da sha biyu. Ashirin.

Na tsaya ina kallon lambar. Ba biyar ba, ashirin. Na ninka ɗari biyu da arba'in da ashirin, na samu wat dubu huɗu da ɗari takwas. Zafin da aka gina shi ya ɗauka sau huɗu. Ko wannan ya ɗaure mini kai, don wutar sau biyu ta ƙaru, ta ina huɗu ta fito?

Na sake yi. Na yi a waya, na yi da hannu. Na ɗauko takardar fulawar nan da Mama ta adana a ƙasan tire, na ajiye su gefe da gefe. Takardar azurfa ɗaya, ƙa'idoji biyu daga bakin malami ɗaya, amsa biyu. Ɗaya ta ce obin zai huta, ɗaya ta ce zai ƙone. Babu inda na ga kuskuren raba ko na ninkawa. Abin da ya fi ruɗa ni, obin ɗin da kansa bai bi ko ɗaya ba. Bai huta ba, bai ƙone ba. A daidai lokacin ma yana can yana gasa burodin ayaba hankali kwance.

Kwana uku ina yawo da lambobin nan. Ina wanke-wanke ina cewa biyar, ashirin. Na zuba gishiri a shayi. Na fara tunanin ko akwai abubuwan da ke gaskiya a takarda kawai, su ƙi fitowa tsakar gida. A rana ta uku na samu Mama tana fasa ƙwai.

"Mama, lissafin nan fa akwai wata magana."

"Wane lissafi?"

"Na obin. Na sake yi sai ya ba ni ashirin."

"Ashirin ɗin me?"

"Amfiya. Da na ce biyar."

"To wanne ne?"

"Ban sani ba."

Ta ɗago ta dube ni, ɓawon ƙwai a hannunta. "Ke 'yar nan, kek nawa kika ci daga cikinsa? Ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To miƙo mini sukari."

A bakin layinmu akwai shagon wani mai gyaran wuta, kowa Oga yake ce masa. Mutumin Nasarawa ne, mai son raha, kullum da abin gwada wuta maƙale a aljihun gaba. Ban taɓa yi masa magana fiye da gaisuwa ba. Na wuce shagon sau biyu kafin na iya tsayawa. Na miƙa masa takardun biyu ba tare da dogon bayani ba.

Ya duba ta farko ya yi dariya. Ya duba ta biyu ya daina.

"Ƙanwata, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wannan fa?"

"Ni."

"To ku biyun, wannan ta biyun ce ta je makaranta." Ya buga takardar da yatsa. "Wat ɗin da suka rubuta alkawari ne mai sharaɗi. Cewa ya yi, in kun ba ni ɗari da ashirin, zan ba ku dubu ɗaya da ɗari biyu. Ke kika karya sharaɗin kika riƙe alkawarin. Ƙarfen ciki bai iya karatu ba, bai san abin da aka manna masa a baya ba. Sha biyunsa kawai ya sani. Kika ninka turi, abin da ke wucewa ya ninku. Biyu sau biyu?"

"Huɗu."

"Ga huɗunki."

Na ji wani abu ya zauna a kaina, amma rabi kawai. Na ce masa to ai wata guda ke nan muna jona shi da adafta, bai ƙone ba.

"Da adafta kawai? Ba akwatin rage wuta?"

Nan na tuna akwatin ƙarfen da Mama ta kira sitabilaiza. Ya ce ba sitabilaiza ba ce, ƙaramar taransifoma ce mai raba wutarmu biyu ta ba kayan ƙasar waje. Ya sosa kai. Ya ce ko dai muna da aljani mai son kek, ko kuma yana so ya ga soket ɗin nan da idonsa. Ya ja ƙofar shago, ya ɗauko mitarsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa.

A ɗakinmu ya gaida Mama, ya tsuguna, ya zura wayoyin cikin soket. Ya juyo mini da fuskar mitar. Ɗari da ashirin da bakwai.

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Hajiya, ashe ku a ƙasar waje kuke zaune ba ku sani ba."

Rabin wuta. Mun san da ita mana, kowa a layin ya sani. Ita ce ta sa fanka ke juyawa kamar mai ciwon baya, firjin Maman 'yan biyu ya koma kabad, tsohon ƙwan fitilar da ke zaure yake ja kamar tumatir. Shekara uku muna tsine mata. Ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma tana da lamba ba. Ni ɗari biyu da arba'in na ɗauko daga littafi na saka a lissafi, wutar da ba ta taɓa shigowa ɗakinmu ba. Lalacewar layinmu ce ta yi daidai da lafiyar obin ɗin.

Oga ya ce mafita ita ce a nemo akwatin nan, babba, wanda zai ɗauki obin. Ya faɗi inda ake samu da kuɗinsa, kuɗin da ya fi ƙarfinmu a lokacin. "Kafin nan," ya ce, "duk ranar da kuka ga wuta ta cika, ku cire shi. Kar ku tsaya sallama da shi. Minti ɗaya ya yi yawa."

"Wuta ta cika a layin nan?" in ji Mama. "Allah ya nuna mana." Ta naɗe masa burodin ayaba a takarda.

Akwai abin da ya kamata in yi a ranar, ban yi ba. Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki tara. Mai gidan, wanda muke kira Baba, dattijo ne ɗan asalin wurin, tun unguwar nan tamu ta Dutse Alhaji tana gonakin doya. Hausarsa ta koyo ce, ba ta raba mace da namiji. Layukan wuta uku ne suka shigo gidan daga falwaya, kowanne da mazaunin fyus ɗinsa a jikin bangon zaure, amma fyus ɗin ɗaya ne. Duk layin da aka cusa shi, shi gidan zai sha. Baba ne kaɗai ke taɓa shi. Duk sanda ya ji labarin an taɓa taransifomar unguwa, sai ya sa silifas ɗin roba, ya ɗauki filaya, ya zare fyus ɗin ya gwada sauran layukan, ko Allah zai sa. Kullum haka yake dawo da shi inda ya ciro, don ɗaya layin a mace yake, ɗayan ya fi namu rauni.

Abin da ya kamata shi ne in ce masa, Baba, duk ranar da za ka canza layi ka ƙwanƙwasa mana. Sau biyu na je ƙofarsa. Amma a kaina maganar ta riƙa juyewa tana zama wata: kamar ina roƙon ɗaki tara su zauna cikin rabin wuta saboda kek ɗinmu. Ta ina zan fara? Da om sha biyu? Na gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, na tambayi gona, na dawo.

Cikin makon nan Maman 'yan biyu ta kawo wa Mama aikinta na farko na gaske. 'Yan biyunta sun warke daga doguwar jinya, za ta yi godiya a coci ranar Lahadi, tana son kek uku manya. Ta ce matan zumuntar cocinsu duk za su ci, kuma in sun ci za su tambayi wa ya yi. Mama ta kwana biyu tana auna fulawa a baki.

Ranar Asabar da hantsi na farko ya fito lafiya. Mama ta saka na biyu, ta murɗa maɓalli, ta ce za ta watsa ruwa, in zauna in kula. Na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a ƙofar ɗaki da littafin baitocina. An yi ruwa da safe, dutsen da ke bayan unguwa ya yi baƙi yana sheƙi, wani siririn gajimare ya rataye a kafaɗarsa. Ina neman kalmar da za ta kama wannan.

Baba ya zo wucewa. Na ga silifas ɗin roba. Na ga filaya.

"Yarinya, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina kwana?"

"Sun ce jiya an gyara layi na tsakiya. Bari na gwada shi."

"Allah ya sa a dace," na ce.

Da bakina na faɗa. Na mayar da kai kan littafi. Har yau ina juya wannan a raina ban gane ba. Duk abin da ake bukata yana cikin kaina, silifas, filaya, layi, sha biyu, ashirin, amma kowanne yana zaune a ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Na ji ƙarar fyus yana shiga mazauninsa. Sai fankar ɗakinmu ta tashi da wani irin gudu da ban taɓa gani ba, labule ya ɗaga, kalandar bango ta fara kaɗawa. Firjin Maman 'yan biyu ya yi tari ya kama. Wani a ɗakin ƙarshe ya yi kabbara, wata ta rangaɗa guɗa. Ƙwan zaure ya yi fari tas. Iskar ta bugi bayan wuyana, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na lumshe ido. Na ce a raina, ashe haka fankar nan take.

Ban san daƙiƙa nawa na yi a haka ba. Wari ne ya tashe ni, ba na kek ba, na ƙarfe da roba.

Gilashin obin ɗin ya yi haske kamar an kunna fitila a ciki. Sandunan sun wuce ja, sun koma ruwan lemo mai ɗaukar ido. Ina isa na ji ɗas, wani farin tartsatsi ya fito daga sandan sama. Na kama wayar obin ɗin na fizge. Adaftar ta biyo ta, a narke, ta ƙona mini yatsu biyu.

Mama ta fito da ɗaurin ƙirji, kumfa a kunnenta. Ta dubi ƙwan zaure, ta dubi fanka, ta dube ni tsaye da waya a hannu. Ta sa tsumma ta buɗe ƙofar obin. Saman kek ɗin ya yi baƙi ƙirin, cikinsa kuwa ruwa ne. Sandan sama ya rabu biyu, bakin kowane ɓari ya dunƙule.

A tsakar gida ana ta murna, ana jona waya, ana neman dutsen guga. Baba ya leƙo yana murmushi don a yi masa barka, ya ga hayaƙi, murmushin ya tsaya.

"Me ya faru? Wuta ya yi yawa?"

"Kayan waje ne, Baba," in ji Mama. "Ba ya son wuta mai ƙarfi."

"Kai, yarinya, ka san haka? Na wuce gabanka da filaya."

"Na sani, Baba."

"Don me ba ka faɗa ba?"

Mama ta kama hannuna ta tsoma yatsun cikin kofin ruwa, ta riƙe su a ciki, ba ta dube ni ba.

Kek biyun da suka rage a tukunya aka gasa su, da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi, yadda Mama ta ce kakarmu ke yi. Maman 'yan biyu ta zo da mafici ta zauna tana fifita, tana cewa ita dai ko a kan dutse aka gasa za ta kai coci. Sun yi, sai dai gefensu ya ɗan bushe, kuma da ƙamshin hayaƙi.

Da la'asar Oga ya zo. Bai yi raha ba. Ya murɗa mitarsa zuwa wajen auna turjiya, ya ɗora wayoyin a haƙoran filogin, ya murɗa maɓallin obin, ya nuna mini. Ashirin da huɗu.

"Da nawa ne?"

"Sha biyu."

"Me ya sa ya ƙaru?"

Wannan karon da na tuna ruwa ban tafi ko'ina ba. Hanya biyu ce da, yanzu saura ɗaya, dole ƙunci ya ninku. Na ce, "Na sama ya mutu. Na ƙasa yana nan."

"Yana nan," ya ce. Mama, da ke tsaye a bayanmu, ta sauke numfashi ta zauna a bakin gado.

Ya ce in lissafa masa abin da zai sha yanzu a rabin wuta. Ɗari da ashirin a raba da ashirin da huɗu. Na dubi amsar, na sake duba ta.

"Nawa?" in ji Mama.

"Biyar."

"Ba shi kika ce tun farko ba?"

Oga ya buɗe baki zai yi bayani, ya fasa. Ni ma ban gwada ba.

Amma yanzu gidan na kan layi mai ƙarfi, babu wanda zai yarda a koma, mu ma ba za mu roƙa ba. Obin ya yi kwana huɗu a kwalinsa. A rana ta biyar Baba ya yi sallama da kansa, Oga na biye da shi da naɗin waya a kafaɗa. Ya ce tsohon layin yana nan a bango ba mai shan sa, wutar banza ce, in akwai mai so ga ta. Oga ya sa masa fyus nasa, ya jawo soket guda ɗaya tak zuwa ɗakinmu, ya shafa masa jan fenti don kar a jona wani abu. Kusa da shi ya maƙala wata 'yar mita mai nuna lamba da jan haske. Ya ce wannan dabara ce ta wucin gadi, ba ya alfahari da ita, kuma ranar da aka gyara wannan layin ma babu wanda zai aiko mana da takarda. Akwatin nan dai shi ne magana.

Har yanzu ba mu samo akwatin ba, sandan sama ma an nema a kasuwa ba a dace ba. Obin ɗin yana aiki da wat ɗari shida, rabin abin da aka rubuta a bayansa. Kek ɗin da ke yin minti arba'in yanzu sai ya haura awa, kuma samansa fari yake fitowa, sai Mama ta lulluɓe shi da kirim. Matan zumunta biyu sun aiko, ɗaya ma cewa ta yi irin mai ƙamshin hayaƙin nan take so.

Idan Mama ta rufe ƙofar gilashin, ni ke zama. Na matso da kujerar daga bakin ƙofa zuwa jikin bango, inda ba a ganin dutse. Ba na ɗaukar littafi. Lambar takan tsaya a ɗari da ashirin da biyu, ta sauka ɗari da sha takwas idan sandan ya kama, wani lokaci ta hau ɗari da talatin da ɗaya ba dalili. Oga ya ce in ta wuce ɗari da arba'in in cire. Jiya ta kai ɗari da talatin da shida ta tsaya tana rawa, hannuna na kan filogi, Mama na tsaye a kaina da ludayi tana tambaya ko ya yi ko bai yi ba. Na ce mata mu ɗan jira. Muka jira, ta sauko.